Ɗalibaina sun iya hadda, amma ana kayar da su a gasar muhawara: ina gyaran yake?

Malamin Kulob ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai da duk wanda ya san harkar muhawara. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a jihar Katsina, kuma ni aka ɗora wa alhakin kula da kulob ɗin muhawara na makarantar. Tsarin da muka gada shi ne wanda kowa ya sani: a ba da batu tun da sauran mako biyu, kamar a ce makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, ko likita ya fi malami amfani ga al'umma, kowane yaro ya je ya rubuto jawabinsa, malamin Turanci ya gyara masa, shi kuma ya haddace shi tun daga gaisuwar shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci har zuwa fatan da ake rufewa da shi na cewa an gamsar da masu sauraro. A wannan tsari yaranmu suna taka rawar gani, domin suna da murya, suna da ƙarfin hali, kuma ba sa tuntuɓe a Turancin da suka haddace.

Matsalar ta ɓullo ne da muka fara halartar gasannin da ke bin tsarin ƙasa da ƙasa, inda kowane ɓangare ke da masu magana uku, kowa da minti takwas, kuma wasu batutuwan sai saura awa ɗaya a shiga zaure ake sanar da su. A nan sai ka ga yaron da ya saba zuba jawabi ba tsayawa ya ƙare abin da ke bakinsa cikin minti uku ko huɗu, ya tsaya yana duban takarda. Mai magana na biyu yakan maimaita abin da na farko ya faɗa da wasu kalmomi, na uku kuma ya tashi ya karanto abin da ya shirya kamar abokan karawa ba su ce komai ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sau da yawa waɗanda ke kayar da mu ba su kai yaranmu iya lafazi ba.

Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a wannan fage. Me ya kamata in sauya a yadda nake horar da su, yaya ake raba aiki tsakanin mutum ukun, kuma shin ya dace in bar su su riƙa shirya hujjojinsu da Hausa ko kuwa hakan zai ƙara mayar da su baya, tunda da Turanci za su kara?

Tsohon Ɗan Muhawara ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi muhawara lokacin da nake jami'a, yanzu kuma nakan zauna a kujerar alƙalanci idan an gayyace ni, saboda haka abin da ka bayyana ba baƙo ba ne a wurina. Tsarin da kake magana a kansa shi ne na gasar muhawarar makarantu ta duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, kuma ya kamata ka san yadda ake ba da maki a cikinsa kafin ka taɓa komai a horonku. Ana auna kowane jawabi da abubuwa uku: hujjojin da ya ƙunsa suna da kashi 40, salon gabatarwa kashi 40, dabara kuma kashi 20. Makin jawabi ba ya sauka ƙasa da 60, ba ya wuce 80, kuma 70 ne matsakaici. Wanda ya dubi wannan rabo zai zaci yaranka sun riga sun mallaki kason salo gaba ɗaya, amma ba haka alƙali yake gani ba, domin mai karanto hadda ba da mutanen da ke gabansa yake magana ba, kuma ana gane hakan tun daga jimlolin farko. Dabara kuwa, duk da ƙanƙantar kasonta, ita ce gane abin da ya fi muhimmanci a muhawarar da ake cikin yi da kuma ba shi lokacin da ya cancanta, kuma ba mai iya gane wannan sai wanda ya saurari ɗaya ɓangaren.

A ganina nan ciwon yake. Yaranka suna shiga zaure da jawabai uku na mutum uku, alhali abin da ake nema shi ne matsaya ɗaya wadda mutum uku suka raba aikin kare ta. Aikin kamar lugude ne, kowace mai daka tana lura da taɓaryar 'yar'uwarta kafin ta sauke tata. Mai magana na farko shi ne zai fayyace ma'anar ƙudurin, wato batun da ake muhawara a kansa, ya faɗi abin da ƙungiyarsa ta ɗauki alkawarin tabbatarwa, ya sanar da hujjojin da shi zai kawo da wadda na biyu zai kawo, sannan ya gina nasa. Na biyu zai fara da martani ga abin da aka ji daga ɗaya ɓangaren, ya gyara duk inda aka rusa wa ɗan'uwansa gini, sannan ya kawo sabuwar hujjarsa. Na uku ba a jiran sabuwar hujja daga gare shi. Aikinsa shi ne ya tattara duk abin da aka faɗa, ya ware batutuwa biyu ko uku da aka yi karo a kansu da gaske, ya nuna wa alƙalai dalilin da ya sa ƙungiyarsa ta yi rinjaye a kowanne. Makarantu da yawa suna ajiye mafi rauni a wannan kujera saboda suna ganin ba shi da abin rubutawa, alhali wanda ya fi kowa kunnen sauraro da saurin fahimta ne ya kamata ya zauna a kanta.

Batun ƙarewar magana cikin minti huɗu kuma, ba ƙarancin hujjoji ne ke kawo shi ba, rashin buɗe cikin hujjar ne. A ɗauki ƙudurin da ke cewa a hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a manyan birane. Yaro zai tashi ya ce acaɓa na jawo haɗari da rashin tsaro, ya wuce zuwa abu na gaba, yana ganin ya kawo hujja, alhali kanun hujja kawai ya faɗa. Abin da alƙali ke jira shi ne ta yaya: babur yana kutsawa lungun da motar 'yan sanda ba ta iya shiga, kuma mai mugun nufi yana sajewa cikin dubban masu neman halalinsu ba tare da an bambance shi ba. Sannan ya kawo abin da ya faru a zahiri, wato haramcin da gwamnatin Kano ta sanya a watan Janairun 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin motocin Sarki Ado Bayero. Daga nan ya tunkari tambayar da ya fi tsoro, wato me ya sa wannan amfani ya rinjayi asarar sana'ar dubban matasa. Wanda ya bi waɗannan matakai zai ga hujja ɗaya ta ci minti biyu zuwa uku ba tare da ya maimaita kansa ba. Mai adawa da ya saurara kuwa ba zai ɓata lokaci yana musun cewa an yi amfani da babur wajen kai hari ba; zai ce mai laifi yana sauya abin hawa cikin sauƙi, amma saurayin da ya mallaki babur ɗinsa ba shi da kuɗin sayen adaidaita sahu, sai ya koma tuƙa na wani yana kai balas kullum. Ka ga an sami karo na gaskiya, kowa ya taka maganar ɗan'uwansa.

Atisayen da na fi amincewa da shi ba ya buƙatar kuɗi. Yaro ɗaya ya kawo hujja cikin minti ɗaya, na biyu kuma a hana shi mayar da martani sai ya maimaita hujjar da kalmominsa har mai ita ya yarda cewa abin da yake nufi ke nan. Makonnin farko za ka sha mamakin yawan waɗanda ba za su iya ba, domin tun ɗan'uwansu bai rufe baki ba hankalinsu ya tafi ga abin da za su faɗa. Ka kuma koya musu raba takarda gida biyu, abin da abokan karawa suka ce a hagu, amsarsa a dama daidai da shi, ta yadda duk gurbin da ya zauna babu komai zai nuna hujjar da aka bari ba a taɓa ba. Cikakken jawabi a rubuce kuwa ka hana shi gaba ɗaya, ko da a batutuwan da aka ba da tun da wuri. Kanun magana da alƙaluma kawai za su riƙe.

Malama daga Zariya ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, kuma na yarda da mafi yawan abin da ɗan'uwa alƙali ya faɗa, sai dai ina ganin ya wuce tambayar harshe da sauri, alhali a makarantunmu ita ce ke riƙe da sauran. Yarinyar da ta fahimci hujjar abokiyar karawarta sarai, kuma ta san amsarta a zuci, tana iya yin shiru saboda jimlar Turancin ta ƙi haɗuwa a bakinta cikin sakan biyar ɗin da take da su. Hadda ba lalaci ba ce a wurin irin wannan yarinya, mafaka ce, kuma idan aka ƙwace mata ita ba tare da an ba ta wani abin dogaro ba, za ta bar kulob ɗin ne kawai.

Abin da nake yi, Malam, shi ne raba koyon tunani da koyon harshe a farkon zango. Muhawarar farko a kan kowane sabon batu da Hausa muke yin ta, da cikakkiyar ƙa'ida da agogo, domin a nan ne ake ganin wadda ke da kaifin hankali, kuma sau da yawa ba ita ce wadda ta fi iya Turanci ba. Bayan kwana biyu sai a sake wannan muhawara da Turanci, amma a musanya ɓangarori, don kada wata ta zauna tana fassara jimlolinta na Hausa ɗaya bayan ɗaya. Idan gasa ta matso kuwa, komai da Turanci ake yi har da shirin cikin ɗaki, saboda wadda ta shirya da harshe ɗaya ta tashi yin magana da wani tana yin aiki biyu a lokaci guda. Abin da na yarda su haddace shi ne 'yan jimlolin da ake haɗa magana da su, irin waɗanda ake buɗe martani ko kwatanta hujjoji biyu da su, domin su ne ke ba bakin abin yi yayin da ƙwaƙwalwa ke nemo abu na gaba. Kada kuma a tsorata yara da batun lafazi. Gasar jami'o'i ta duniya, wadda aka fara a Glasgow a 1981, ta ware rukunai na musamman ga waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne, kuma ƙa'idar alƙalanci ba ta yarda a rage wa mutum maki saboda karin harshen garinsu ba, muddin ana fahimtar abin da yake faɗa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato yaro ba zai buɗe cikin hujja ba idan bai san komai game da duniya ba. Misalin acaɓa da aka kawo a sama yana hannun wanda ya san abin da ya faru a Kano ne kawai. Na wajabta wa 'yan kulob ɗina sauraron labaran rediyo, ko na BBC Hausa ko na DW ko na tashoshin gida, da karanta Aminiya ko Daily Trust idan ta samu, kuma kowace tana da littafin da take rubuta abu uku a mako: me ya faru, a ina, a wace shekara. Wadda ta san cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro a Najeriya tana da abin tsayawa a kai a duk ƙudurin da ya shafi talla ko aikatau ko auren wuri.

Sai batun kunya, wanda ya fi tsanani ga 'yan mata amma bai bar maza ba. A wannan tsari ana miƙewa tsaye a nemi katse wa mai magana hanzari da gajeriyar tambaya, kuma yaran da aka rena a kan cewa katse magana rashin tarbiyya ne sukan zauna har a tashi ba su miƙe ko sau ɗaya ba, alƙalai kuma suna lura. Nakan bayyana musu cewa izini ake nema, mai magana yana da ikon karɓa ko ya ƙi, saboda haka babu rashin ladabi a ciki. Doguwar gaisuwar nan ta shugaban taro da mai kula da lokaci kuma a rage ta zuwa jimla ɗaya, domin tana cinye kusan rabin minti a daidai lokacin da alƙalai suka fi ba da hankalinsu.

Malamin Arabiyya ya amsa:

Allah ya saka wa waɗanda suka rigaye ni da alheri. Ina so in ƙara abu ɗaya a kan martani, domin na lura ana cewa yaro ya mayar da martani ba tare da an nuna masa ƙofofin da ake shiga ba. Malaman Musulunci sun daɗe da tsara wannan a fannin ladubban bincike da munazara, inda suka ce wanda aka kawo wa da'awa tare da dalilinta yana da hanyoyi uku. Ko dai ya ƙi amincewa da ɗaya daga cikin ginshiƙan dalilin ya nemi a tabbatar da shi, ko ya nuna wani wuri da wannan dalili ya samu amma sakamakon da ake da'awa bai samu ba, ko kuma ya bar dalilin a inda yake ya kawo nasa dalilin da ke tabbatar da kishiyar da'awar. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan uku ba zai rasa abin faɗa ba, kuma zai san wace ƙofa ce ta fi sauƙin buɗewa a kowace hujja.

A gwada da ƙudurin da ya shafe mu duka, wato a koyar da yaran firamare da harshen uwa. Mai adawa zai ce wanda aka fara koya wa darussa da Turanci tun aji ɗaya shi ne zai fi iya Turanci. Ta hanya ta farko sai a tambaye shi abin da ya tabbatar da cewa yawan jin harshe daga bakin malamin da shi kansa bai ƙware a cikinsa ba yana haifar da iyawa. Ta hanya ta biyu sai a nuna masa ɗimbin makarantun da ake koyarwa da Turanci tun daga farko amma yara suna gamawa ba su iya karanta sakin layi ɗaya ba. Ta hanya ta uku sai a kawo gwajin da aka fara a Ile-Ife a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babatunde Fafunwa, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Ba dole ne a bi duka ukun a kan kowace hujja ba, kuma mai wayo yakan zaɓi ɗaya ya zurfafa.

Wannan al'ada ta sauraron abokin jayayya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Borno suka yi musaya a farkon ƙarni na 19, El-Kanemi ya jero abubuwan da ake tuhumar mutanen Borno da su ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, Bello kuma ya kawo maganar El-Kanemi a rubuce kafin ya yi mata raddi, shi ya sa har yau muke iya karanta hujjojin ɓangarorin biyu. Ba ina shiga batun wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba ne, hanyar nake nunawa.

Wata matsala da za ka ci karo da ita, Malam, ita ce yaron da zai ce ba zai kare ɓangaren da bai yarda da shi ba, ko mahaifin da zai ce ana koya wa ɗansa ƙarya. A gasa ƙuri'a ce ke ba ka ɓangare, ba zaɓinka ba. Abin da nake faɗa wa nawa ɗaliban shi ne kowa a zauren ya san ba fatawa ake bayarwa ba, kuma wanda bai taɓa gina mafi ƙarfin hujjar abokin hamayyarsa ba bai san ƙarfin tasa ba. Duk da haka, a atisayen cikin makaranta ina guje wa batutuwan da suka taɓa aƙida kai tsaye, tunda harkokin mulki da ilimi da tattalin arziki sun ishe mu. Ga masu ɗaliban da Larabcinsu ya fi Turancinsu ƙarfi kuma, cibiyar QatarDebate da ke Doha tana shirya gasannin ƙasa da ƙasa da harshen Larabci ga makarantu da jami'o'i, saboda haka fagen bai tsaya ga Turanci kaɗai ba.

Malamin Kulob ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan fara da atisayen maimaita hujja da kuma muhawarar Hausa da Malama ta bayyana. Saura abu biyu. Na farko, yaya ake cin moriyar awa ɗayan nan ta shiri, tunda ba a barin malami ya shiga ɗakin? Yarana sukan kwashe rabinta suna gardama a kan wanda zai fara magana. Na biyu, ina da ɗalibi ɗaya da ya yi wa sauran nisa sosai, har ta kai shi ke tsara wa kowa abin da zai faɗa, su kuma sun sallama masa. Shin in bar shi ya ci gaba da jan ragamar tunda yana kawo maki, ko kuwa akwai illa a ciki?

Tsohon Ɗan Muhawara ya sake amsawa:

Malam, batun wanda zai fara magana a warware shi tun daga makaranta, kowa ya san kujerarsa kafin a hau mota. A ƙa'idar gasar duniya ƙungiya tana iya kaiwa mutum biyar, uku su yi magana a kowane zagaye, kuma duka biyar ɗin suna shiga ɗakin shiri, ba waya, ba intanet, ba malami, sai ƙamus da kundin bayanai guda ɗaya da aka yarda da shi. Shawarata ita ce minti biyar zuwa goma na farko kowa ya yi shiru ya rubuta abin da ya zo masa, domin da zarar mai ƙarfin baki ya fara magana tunanin sauran yakan bi nasa. Bayan haka a zagaya kowa ya faɗi nasa ba tare da an katse shi ba, sannan a tsaya a kan tambaya ɗaya kafin a zaɓi hujjoji: a ina ne ainihin saɓaninmu da ɗaya ɓangaren zai kasance?

Ga abin da nake nufi. Idan ƙudurin ya ce a dawo da tallafin man fetur, wanda Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshensa a jawabin rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, 2023, masu goyon baya da ba su da horo za su cika minti takwas suna bayyana yadda kuɗin mota da na abinci suka tashi. Masu adawa masu hankali za su amsa cewa sun yarda an shiga matsi, su mayar da muhawarar kan ko tallafin mai ne hanya mafi dacewa ta taimakon talaka, ganin cewa mai motoci da yawa ya fi kowa cin moriyarsa, wani kaso na man kuma yana tsallaka iyaka zuwa maƙwabtan ƙasashe. Ƙungiyar da ta hango wannan tun a ɗakin shiri za ta zo da amsa: wane irin tallafi take nufi, ga wa, daga wane asusu, kuma me ya sa raba kuɗi kai tsaye ba zai isa ga mutanen karkara yadda sauƙin farashi ke isa ba. Wadda ba ta hango ba za ta yi ta tabbatar da abin da ba wanda ya musa. Minti ashirin na ƙarshe kowa ya koma kan takardarsa, na uku da sauran biyun da ba za su yi magana ba kuma su zauna suna lissafa abin da abokan karawa za su iya kawowa.

Tunda Malama ta taɓo batun katse hanzari, ga ƙa'idarsa: ana neman sa ne bayan minti na farko kuma kafin minti na ƙarshe na jawabi, kada ya wuce sakan 15, kuma mai magana ya karɓi ɗaya ko biyu, a lokacin da ya kammala wata gaɓa, ba a tsakiyar jimla ba. Jawabin rufewa na minti huɗu kuwa mai magana na farko ko na biyu ne ke yin sa, masu adawa ne ke fara nasu, kuma ba a katse shi.

Ɗalibinka mai hazaƙa kuma, illar tana nan, domin ana haɗa makin mutum uku ne, kuma yaron da aka rubuta wa hujja ba zai iya kare ta ba idan aka yi masa tambayar da marubucin bai hango ba. A atisaye ka riƙa cire shi daga ƙungiyar kana ba shi alƙalanci, ya saurari sauran ya rubuta, ya kuma bayyana hukuncinsa da dalilai. Zai koyi sauraro, su kuma za su koyi tsayawa da ƙafafunsu. Idan ya shiga jami'a zai tarar da tsarin majalisar Birtaniya, wanda ake bi a gasar jami'o'in duniya da ta Afirka, inda ƙungiyoyi huɗu na mutum bibbiyu ke karawa a zaure ɗaya, jawabi minti bakwai, shiri kuma minti 15 kacal, kuma a can babu lokacin da zai tsara wa abokinsa komai.

Malama daga Zariya ta ƙara da cewa:

Na goyi bayan ba shi alƙalanci, amma kada ya zama kullum, domin yaro mai hazaƙa da aka hana shi fage yakan yi sanyi, kuma sauran suna koyo daga jin sa. Ni nakan haɗa irinsa da mafi rauni biyu in sa su kara da matsakaita uku, da sharaɗin ba zai yi magana a ɗakin shiri ba sai kowa ya gama faɗin nasa. Ka kuma riƙa ɗaukar jawabansu da waya suna saurara daga baya, kowa ya ƙirga sau nawa ya ambaci abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa. A wurin gasa, Malam, da zarar an sanar da sakamakon zagaye ka tura su wurin alƙalan da littattafansu su nemi bayani ɗaya bayan ɗaya, ko sun ci ko an cinye su, domin yawancin alƙalai suna bayarwa idan an tambaya cikin ladabi, kuma abin da suka rubuto shi za ku fara dubawa a zaman kulob na gaba.